Gwangwani Uku da Tayyiba ta Bari

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san Malam Haladu mai gahawa, ko bai riƙe sunansa ba hancinsa ya riƙe ƙamshin butarsa. Gindin wata tsohuwar darbejiya yake zama, tsakanin karar shanu da inda manyan motoci ke lodi. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: kurfoti ɗaya, buta biyu, finjalai goma sha biyu a cikin robar ruwa, tiren dabino, sai wani benci da ya sha ƙusa har kafinta ya ce ya gaji. Sauran ranakun mako a bakin tasha ake samunsa, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya.

Mutumin Gagarawa ne. Yana saurayi ya zo Maigatari cin rani, ya yi dako, ya yi koren shanu, har Allah ya haɗa shi da wani Buzu mai raƙuma da ke dafa gahawa a 'yar buta. A wurinsa ya ga yadda ake yi, ya sayi tasa butar, ya zauna. Zaman da ya yi ke nan shekara talatin da ɗaya.

Dogo ne siriri, mai fara'a, kuma a kasuwa bakinsa ba ya hutawa. Ya san dillalai da sunan ubanninsu, ya san direbobin Damagaram da lambar motocinsu. Gahawarsa kuwa ba a magana. Tana da kauri, ba ta da ɗacin nan mai kama maƙogwaro, citta na ɗumama ƙirji, kanumfari na biyo baya a hankali, sannan can ƙarshe akwai wani ɗanɗano mai laushi da mutum ba zai iya kiran sunansa ba. Baƙo ya kurɓa sai ya tsaya ya dubi finjalin, ya ce, "Malam, me kake zubawa a ciki?"

Amsar ɗaya ce kullum. Sai Malam Haladu ya ɗaga hannunsa na dama, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Hannu ne, ɗan'uwa. Citta da kanumfari kowa na da su a gida. Hannu ne ba a sayarwa a kasuwa."

A yi dariya, shi ma ya yi. Ya faɗi maganar nan har ya yarda da ita.

Alhali ga yadda abin yake. Shi ke sayen kaya ranar kasuwa: 'ya'yan gahawa, citta, kanumfari, kimba, kirfa, masoro kaɗan, da dabino mudu biyu. Ya kawo gida ya ajiye a ƙofar ɗakin matarsa Tayyiba, ya ce, "Ga kaya nan." Daga nan ba ya sake ganinsu sai ranar Laraba da yamma, in ya dawo ya tarar da gwangwanin madara cike da gari baƙi mai ƙamshi, an rufe bakinsa da leda. Suya da daka da tankaɗe duk ana yinsu ne yana tasha. Dabinon ma ita ke zama ta tsaga shi ɗaya bayan ɗaya, ta duba ko da tsutsa, ta cire ƙwallon, ta jera masa a tire. Shi ya sa yake wa tirensa kirari da "ba tsutsa ba ƙwallo". Nasa aikin shi ne hura gawayi, awon ruwa, jefa mazarƙwaila, da surutu.

Tayyiba 'yar Fulanin Ɗanzomo ce, gajeriya, mai sanyin murya, irin matan da za ka shekara maƙwabtaka da su ba ka ji an ɗaga murya a gidansu ba. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, biyu suka koma, namijin yana aiki a kudu, macen, Safinatu, tana aure a Gumel. Ba za a ce Malam Haladu mugun miji ne ba, wanda ya faɗi haka ya ɗauki alhaki. Bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, bai taɓa zagin ta ba. Sai dai maganar da yake rabawa kyauta a kasuwa, kafin ya iso ƙofar gida ta ƙare. "Sannu da gida." "Sannu da zuwa, Malam." A ci tuwo, a kwanta. Shi a ganinsa zaman lafiya ke nan, kuma ba wanda ya ce masa ba haka ba ne.

Bazarar bana, ana tsakiyar zafin nan da ke sa jaki neman inuwar katanga, Tayyiba ta ce masa, "Malam, wannan makon ka sayo kaya ninki uku."

Ya dube ta. "Ninki uku? Biki za mu yi? Garin gahawa in ya daɗe ƙamshinsa gudu yake yi, ke ma kin sani."

Ta ce, "Ka dai sayo."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya sayo. Kwana huɗu ta yi tana aikin da ta saba gamawa a wuni ɗaya. Maƙwabta sun ce suna jin taɓarya ta yi sara goma ta tsaya, a daɗe, sannan ta ci gaba. Shi bai ji ba, yana tasha. Ranar da ta gama ya tarar da manyan gwangwanaye uku jere a kan dakali, kowanne an ɗaure bakinsa tam. Ya ce, "To, kin huta da daka na wata biyu ke nan." Ta yi murmushi, ta ce, "Na huta."

Kwana biyu bayan nan ta kasa tashi. Ashe ciwo ne ya daɗe yana cin ta a ciki, tana ɓoyewa. Aka ɗauke ta zuwa asibiti a Gumel, ta kwana tara, ranar kwana na goma da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Malam Haladu bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya zauna a tabarma ya karɓi gaisuwa, yana amsa "Allah ya ji ƙanta" da "amin" har muryarsa ta dushe. Ranar da aka yi bakwai, Safinatu na haɗa kayanta za ta koma, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, maganar garin gahawa. In waɗannan sun ƙare, ko in riƙa zuwa ranar Laraba ina yi maka? Na sha taya Inna, na san..."

Ya katse ta. "Ki zauna ɗakin mijinki. Sana'ar da na yi shekara talatin a cikinta ce za ta gagare ni? Daka dai ai daka ne."

Ta buɗe baki za ta ƙara, ta ga fuskarsa, ta tashi ta ci gaba da haɗa kayanta. Ya rufe ɗakin Tayyiba da kwaɗo, ya sa makullin a aljihun 'yar shararsa, bai sake leƙawa ba.

Da ya koma kasuwa mutane suka yi masa ta'aziyya, suka sha gahawa, suka ce tana nan yadda take. Tana nan mana, tun da daga gwangwanin farko yake ɗiba. Amma kullum ya sa cokali sai ya ga garin ya ƙara yin ƙasa. Ya san ranar da na ukun ya ƙare, in bai iya haɗa irinsa ba, gahawar da aka san shi da ita ta ƙare ke nan. Kuma ba sana'ar kaɗai ba. A duk gidan nan, garin nan ne abu na ƙarshe da ya fito daga hannun Tayyiba.

Da na farkon ya ƙare, sai ya ce bari ya gwada tun da sauran biyu. Ranar Laraba ya ƙi fita, ya kulle ƙofar gida don kada a shigo a ga dattijo da taɓarya. Ya soya 'ya'yan gahawa a kasko, ya zuba citta da kanumfari da sauran yadda idonsa ya ba shi, ya daka har kafaɗunsa suka yi tsami. Ya shinshina, ya ce ai ga ta nan.

Washegari Alhaji Shehu dillalin shanu ne ya fara zuwa, kamar kullum. Shi ne mutum na farko da ya taɓa zama a bencin nan, kuma ba ya ɓoye abin da ke bakinsa ko a gaban wa. Ya karɓi finjali, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Sai ya yamutsa fuska.

"Haladu, lafiya? Gahawa na ce ka ba ni, ba maganin shawara ba."

Malam Haladu ya ce, "'Ya'yan gahawar bana ne, Alhaji. Ba su da kyau."

"To, ka sake mai sayar maka."

Ya yi wuf ya zubar da butar a bayan darbejiya, ya ɗora wata daga gwangwani na biyu, wanda ya zo da shi don ko-ta-kwana. Alhaji Shehu ya sha wannan, ya ce, "Yawwa, yanzu na ji magana."

Tun daga nan kowace Laraba a bakin turmi take yi masa. Ya rage kanumfari, ta yi salam. Ya ƙara, ta kashe harshe kamar maganin haƙori. Ya ƙara citta, ta yi yajin da sai an nemi ruwa. Ya zargi kirfa, ya zargi masoro, ya zargi kaskon, har turmin ya zarga. Ya sayo habbatussauda ya gwada, ya gwada na'ana'a busasshe, ya gwada ɓawon lemo da wani direba ya ce haka ake yi a can wajensu. Duk a banza. Ɗacin nan yana nan daram, kuma laushin nan na ƙarshe, wanda baƙi ke tsayawa su tambaya, ko alamarsa babu. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ai shi ke sayen kayan. Abu shida na haɗin garin yake kawowa gida, ya san su kamar yunwar cikinsa. To mene ne na bakwai?

Safinatu na nan Gumel, waya ɗaya ta isa. Sau biyu yana fito da wayar daga aljihu ya mayar. Ya ce mata me? Baba mai hannu bai san abin da ke cikin butarsa ba? An ce matambayi ba ya ɓata, amma ai sai ya yarda ya tambaya.

Don gwangwanayen su ja lokaci, sai ya fara haɗa nasa garin da nata, rabi da rabi. Mashaya gahawa kuwa ba a yi musu wannan. Ba wanda ya yi masa faɗa, sun san abin da ya same shi. Sai dai mai shan uku ya koma shan ɗaya, mai shan ɗaya ya gaishe shi daga nesa ya wuce wurin mai shayin da ke kaɗa kofin leda da madara. Wani direban Damagaram da ya saba ajiye kamiyonsa, wato babbar motarsa ta kaya, ya cika 'yar butarsa kafin ya tsallaka iyaka ya ce masa a hankali, "Malam, kafe ɗin nan ta canza. Allah ya ba ka haƙuri." Wannan tausayin ya fi zagi yi masa ciwo. Ranar nan da rabin buta ya koma gida, ya zauna a dakali, baƙin ciki ya cika shi.

Dabino kam ya iya. Kowace safiya yakan zauna ya tsaga na ranar da 'yar wuƙa, ya duba, ya jera a tire, ƙwallayen ya watsa su can gindin katanga, wajen da ruwan tsakar gida ke bi ya fita.

Damina ta faɗi. Aka yi shuka, aka yi ruwa na biyu da na uku, gero ya fara rufe ƙasa a gonakin hanyar Gumel. Gwangwani na uku ya yi ƙasa har cokali na karo da gindinsa.

Wata safiyar Talata, bayan an kwana ana ruwa, ya fito da tsintsiya zai buɗe wa ruwa hanya a gindin katanga. Sai ya ga wasu tsirrai sun fito cunkus, kowanne ganye ɗaya tak, tsaye ƙyam, mai kauri. Ba ciyawa ba ce, ba gero ba ne. Ya sunkuya ya tuge ɗaya. Ga ƙwallon dabino maƙale da saiwar, ya kumbura ya tsage.

Ya ce a ransa, ashe ƙwallayen da nake zubarwa ne. Ya jefar, ya ci gaba da shara. Bai yi taku uku ba ya tsaya.

Wata biyu kacal ya yi yana tsaga dabino, ga gindin katanga ya zama gona. Tayyiba kuwa shekara talatin da ɗaya ta yi tana tsaga mudu biyu duk mako a tsakar gidan nan. Damina talatin da ɗaya ta wuce a kansu, bai taɓa ganin tsiron dabino ko ɗaya ba. Bai taɓa taka ƙwallo a tsakar gida ba, bai taɓa ganinsa a juji ba. Ina suke zuwa?

Ya jingine tsintsiyar. Ya laluba aljihu ya fito da makulli, ya buɗe ɗakin da ya rufe tun ranar bakwai. Komai na nan yadda ta bari, sallayarta a naɗe, takalmanta a bakin gado. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadon. Akwai wata tukunyar ƙasa da aka rufe da faifai. Ya jawo ta, ya buɗe. Cike take da ƙwallayen dabino, wankakku tas, busassu. A bayanta ga wani ƙaramin kasko da bai taɓa gani ba, ya yi baƙi ƙirin. Ya ɗauko ya kai hancinsa. Ƙamshin nan ne, wanda ya yi wata biyu yana nema.

A nan ƙasa ya zauna, da kaskon a cinya. Kukan da bai yi ba ranar jana'iza, ranar nan ya yi shi.

Bai fita tasha ba. Ya ɗebi ƙwallayen a leda, ya hau babur ɗin haya sai Ɗanzomo, wurin yayar Tayyiba, wadda kowa ke kira Adda. Tsohuwa ce mai kaifin harshe, ita ta riƙe Tayyiba bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ya same ta a inuwa tana gyaran ƙwaryar nono. Suka gaisa, suka sake yi wa juna ta'aziyya. Sannan ya kwance ledar ya ajiye a gabanta.

Adda ta duba, ta dube shi. Ta ce, "Sai yau?"

Ya sunkuyar da kai. "Adda, ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Duk matan unguwarku sun sani, 'yarka ta sani, ni da ke nan Ɗanzomo na sani. Kai kaɗai ne, mai hannu." Ta ture ƙwaryar gefe. "Ka tuna shekarar da aka kai maka ita? Kullum da butarka cike kake dawowa, ba mai iya shan abin nan don ɗaci. Ta ce maka, Malam, da za ka bari in ƙara wani abu. Me ka ce mata?"

Ya tuna sarai.

"Ka ce mata tukunyar tuwo ce tata, buta taka ce. Ita ta gaya mini, ba ta ƙara ba ta rage ba. To, mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, shekarun da muka yi kiwo a arewa, in ganyen shayi ya yanke, ƙwallon dabino take soyawa ta daka, ta dafa mana da citta da madara. Shi Tayyiba ta tuna. Wata Laraba ta zuba maka a gari ba ta faɗa ba. Washegari ka dawo da buta wayam, kana ta washe baki, kana cewa yau ka gano hannu."

Malam Haladu ya ce a hankali, "Me ya hana ta gaya mini?"

"Na tambaye ta, ba sau ɗaya ba. Na ce ke, mutum na can kasuwa yana cika baki da guminki. Ta ce, Adda, ƙyale shi, yana jin daɗi. Ranar da ya tambaye ni zan gaya masa." Adda ta goge idonta da bakin mayafi. "Shekara talatin tana jira, Haladu. Ba mugu ba ne kai, ban taɓa cewa haka ba. Inuwar giginya ce kai, na nesa ka sha."

Bai kare kansa ba, don babu abin karewa. Can ya ce, "Adda, yanzu na tambaya. Ki gaya mini."

Ta gaya masa. A wanke ƙwallon sau uku, a shanya shi kwana bakwai. A soya shi shi kaɗai a wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa, har ya yi duhu ya fara ƙamshi. A daka shi tun da ɗuminsa, in ya huce ba ya dakuwa. Awo ɗaya nasa, uku na gahawa. Kimba kuma a fasa ta a zubar da 'ya'yan, ɓawon ake so, 'ya'yan ne ke da ɗaci. Kanumfari ba a soya shi, a ƙarshe ake jefawa. Ya sa ta maimaita, ya maimaita mata, kamar mai ɗaukar karatu.

Laraba ya wuni a kan aikin da ƙwallayen da ta bari a tukunya, kuma a wannan karon bai kulle ƙofar gida ba. Kaskon farko ya ƙone, na biyu ya yi. Da ya zo daka ya gane abin da ake nufi da ƙwallon dabino: ko an soya shi, sai taɓarya ta yi da gaske. Ya yi sara goma ya tsaya yana haki. A nan ya tuna abin da maƙwabta suka ce sun ji, da gwangwanaye uku, da yadda ya ce mata ta huta da daka. Ya share fuskarsa, ya ci gaba.

Ranar Alhamis ya ɗora buta biyu a gindin darbejiya. Babbar da sabon garinsa. Ƙaramar kuwa ya juye mata abin da ya rage a gwangwani na uku, cokali biyu ne da ɗan kaɗan, ya bubbuga gindin gwangwanin har ba abin da ya saura.

Alhaji Shehu ya zo ya zauna. Malam Haladu ya zuba masa daga babbar. Ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Ta kusa," in ji shi. "Wallahi ta kusa. Hannun ya fara dawowa ke nan."

Da a da ne, nan Malam Haladu zai ɗaga hannu ya juya. Sai ya ce, "Alhaji, tsaya tukuna. Kira mini abokan shanka da mutanen nan na wajen lodi."

Mutum tara suka taru, duk tsofaffin mashayansa. Ya wanke finjalai, ya sauke ƙaramar butar, ya zuba wa kowa kaɗan kaɗan don ta isa. Suka sha. Alhaji Shehu ya ce, "Wannan ita ce."

"Ita ce," in ji Malam Haladu, "kuma ita ce ta ƙarshe. Ba ta sayarwa ba ce, sadaka ce. Shekara talatin da ɗaya ina gaya muku hannuna ne. Ba hannuna ba ne. Ni ruwa kawai nake tafasawa. Mai ɗakina ce take haɗawa, kuma ban taɓa tambayar ta me take zubawa ba, balle in ce mata sannu." Dattijo irinsa ba ya kama sunan matarsa a tsakiyar kasuwa, amma ya kama. "Sunanta Tayyiba. Ku yi mata addu'a."

Suka ajiye finjalai, suka ɗaga hannu. Alhaji Shehu ya ja addu'ar, ya daɗe yana yi, ana ta hayaniyar shanu da motoci a bayansu. Da aka shafa, Malam Haladu ya karkata ƙaramar butar a finjalinsa. Ɗigo uku ne suka fito. Ya shanye su.

Yana nan har yanzu a gindin darbejiya. Mutanensa sun dawo, ba duka ba. Safinatu kan zo wata Larabar ta taya shi, shi ya kira ta da kansa. A gindin katanga ya tuge tsirran nan ya bar guda ɗaya, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ko da yake ya san da wuya ya ga 'ya'yansa. Gahawar ta tsaya a inda Alhaji Shehu ya ajiye ta, ta kusa, ba ta ƙarasa ba, kuma ya daina sa ran za ta ƙarasa.

Kwanan baya wani baƙo ya sauka daga mota, ya sha finjali ɗaya, ya tsaya yana duban cikinsa. Ya ce, "Baba, me kake zubawa a ciki?"

Malam Haladu ya lissafa masa: citta, kanumfari, kirfa, ɓawon kimba, masoro kaɗan, da ƙwallon dabino soyayye, awo ɗaya cikin huɗu.

"Ƙwallon dabino? Ikon Allah. Wa ya koya maka?"

Ya ɗauki finjalin ya tsoma a ruwa, ya daɗe yana cuɗa shi.

"Matata ce," in ji shi. "Sai bayan ta rasu na tambaya."